Bawana Darakta, Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya

Bawana, ubangidanka yana gaishe ka daga birnin Zazzau. Na iso gida lafiya. Sau ɗaya kacal mota ta lalace mana, a Kwanar Dangora, wato dai ƙasar Kano sai da ta yi mana sallama irin tata kafin ta sake mu. Na gode da gurasar da ka saya mini, ko da yake sai da ka taya sau uku kafin ka zaro kuɗi, har mai gurasar ya fara zaton fili kuke ciniki.

Kai ka matsa in zo in ga aikin fim da idona, wai don in daina yi maka surutun 'yan boko daga Samaru. To na zo, gani kuma ya kori ji. Ƙarfe takwas ka ce a hallara a lokeshan. Na ƙirga mutum ashirin da bakwai: masu fitila, mai kyamara da yaransa, mai kwalliya, 'yan wasa, mai girki, da wasu samari uku da har aka tashi ban gano aikinsu ba, sai dai da an sauke kular abinci suna sahun gaba. Janareta ya fara shan mai tun ƙarfe tara. Mai gidan da aka karɓa haya ya ce yana son gidansa kafin magariba. Kai kuwa sai sha ɗaya saura ka shigo, tabarau a goshi, ka tsaya tsakiyar falo ka kama haɓa. Shiru. Na matsa kusa da yaron da ke riƙe da sandar makirfo na ce, me ake jira? Ya sassauta murya ya ce, "Oga yana tunani ne."

Minti arba'in kana tunanin nan, agogo na hannuna. Daga nan ka ce a kai kyamara bakin taga. Aka kwashi fitilu, aka ja wayoyi, aka kai. Ka leƙa, ka yamutsa fuska, ka ce a'a, a mayar da ita bakin ƙofa. Kafin a gama mayarwa zafin fitila ya narkar da kwalliyar jaruma, aka koma aka sake. Tun da uwata ta haife ni ban taɓa ganin tunani mai tsadar naka ba, kowane minti nasa da man janareta da kuɗin haya da cikin mutum ashirin da bakwai. Abin da ya fi ɗaure mini kai, wai Bakano ne ke wannan ɓarna, mutumin da in allurarsa ta faɗi a Kantin Kwari sai an tsayar da ciniki an nemo ta.

Da dare muka shiga ɗakin tace fim. Sin ɗin rigimar miji da mata ne. Da aka haɗa, sai ga miji yana kallon hagu yana faɗa, ga matar ita ma tana kallon hagu tana ramawa, kamar sun haɗa baki suna yi wa labule masifa. Edita ya dube ka, kai ka dubi silin. Na ce maka, da ka zana abin nan tun a gida ai da ka gani. Ka buga yatsa a goshi ka ce, "Komai yana nan, Malam. Ni ɗan firamare ne da zan zauna ina zana 'yar tsana?" Na yi shiru, saboda a gaban yaranka ne, kuma ubangida na ƙwarai ba ya tozarta bawansa a gaban mutum goma. Jira yake ya dawo gida ya sa a jarida.

Abin da nake nufi, masu sana'ar sitoribod suke ce masa. Mu a Zazzau, da yake a garinmu ake buga Hausa tun zamanin Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, allon labari za mu ce. Na san za ka ce mutanen da ba su bambance "ya" da "ta" ba su ne za su raɗa wa abu suna? Eh, mu ɗin. Dole ma in yi maka bayani filla-filla, don in an ce zane, Bakano atamfa yake ji, ya tambaya turmi nawa.

Takarda ce ake ja wa akwatuna, kowane akwati da fasalin fuskar talabijin, faɗinsa ya fi tsayinsa. A cikin kowanne ana zana abin da kyamara za ta gani a ɗauka guda: daga nesa ne a ga falon gaba ɗaya, ko daga ƙirji zuwa kai, ko kuwa fuska ce za ta cika allo har a ga ƙwalla. Kibiya ta nuna inda ɗan wasa zai nufa, wata kibiyar ta nuna ko kyamara za ta bi shi ko za ta matso. A ƙasa a rubuta lambar sin, da maganar da za a faɗa, da ƙarar da za a ji. Shi ke nan fa. Rubutaccen labari zai ce maka, Hajiya ta gane mijinta ƙarya yake yi. Madalla. To a ina mai kallo zai ga ta gane? A idonta? A hannunta da ya tsaya cak da cokali cikin kofin shayi? Ko a fuskar mijin da ya lura an gano shi? Kowace amsa da inda za a kafa kyamara, kuma dole wani ya zaɓa. Ko dai ya zaɓa a kan tabarmarsa da fensir a hannu, ko ya zaɓa janareta na kuka.

Rigimar labulen nan taka ma akwai dokarta. In mutum biyu suna fuskantar juna, ka ɗauka akwai igiya miƙe daga hancin wannan zuwa hancin wancan. Kyamara ta zaɓi gefe ɗaya na igiyar ta zauna. Muddin tana wannan gefen, ɗaya zai riƙa kallon dama ɗaya hagu, mai kallo ya san juna suke kallo. Lokacin da ka ɗauki fuskar miji daga taga ka ɗauki ta matar daga ƙofa, igiyar nan ka tsallake. A takarda, akwati biyu dab da juna, hanci biyu sun nufi waje guda, ko yaron da ke kawo ruwa zai ce, Oga, akwai matsala. Kuma da zarar zanen yana hannu, mataimakinka zai tattara duk ɗaukar da ke fuskantar taga a yi su a jere, a juya fitilu sau ɗaya, a yi na ƙofa. Da mai gidan nan ya samu gidansa tun la'asar.

Asalin abin daga kamfanin Walt Disney ne a Amurka, farkon shekarun 1930, wurin masu katun. Su tilas ce ta koya musu. Fim yana gudu da hoto 24 a kowane sakan, saboda haka katun na minti takwas ya haura hoto 11,000, kuma duk motsin da ke ciki da hannu ake zana shi. A yi wata guda ana zana sin ɗaya sannan a gane ba shi da armashi, wa zai biya wannan asarar? Sai wani mai zane a kamfanin, Webb Smith, ya riƙa zana kowane yanki na labari a 'yar takarda daban, yana kafewa a jikin allo a jere. A tsaya gaban allon a kalli fim tun ba a yi shi ba. Abin da bai yi ba a cire a yar, wannan a kai shi gaba, wancan a dawo da shi baya, asarar duka takarda ce. Fim na farko da aka yi wa cikakken allo shi ne Three Little Pigs na 1933, labarin 'yan aladu uku. Na san yanzu ka miƙe tsaye ka ce ka samu hujja, abin da aka fara a kan alade ba zai shiga lokeshan ɗinka ba. Zauna, bawana, fensirin halal ne. Kafin shekarun su ƙare sauran masu katun na Amurka duk sun ɗauka, masu fim ɗin mutane suka biyo baya. Gone with the Wind na 1939, William Cameron Menzies ne ya zana shi kafin a ɗauka, har da gobarar birnin Atlanta, wadda tsofaffin gine-ginen fim aka cinna wa wuta aka ɗauke ta. Irin wannan sin ɗin ba a cewa a mayar da kyamara bakin ƙofa.

Kada ma ka fara ce mini al'adar Turawa ce. Shigo cikin birnin Zariya ka ga masu ɗinkin babbar riga. Kafin allura ta taɓa shadda sai an kai wa mai zane ya fitar da aska takwas ko aska biyu a jikin yadin, sannan mai ɗinki ya bi sawu, mako da makonni. Ba wanda ke soka allura a yadin dubban nairori yana buga goshi yana cewa komai yana nan. Hula ma haka. Tun ran gini ran zane. Amma dai ban ɗora maka laifin duka ba, gado ne. Da aka raba wa 'ya'yan Bawo sarautu, mu aka ba Sarkin Bayi, shi ya sa har yau kake hannuna. Ku da Rano aka ba Sarkin Baba. Marina ne ku. Marini kuwa aikinsa ya tsoma a karofi, ya jira, ya ciro ya ga abin da Allah ya ba shi. Haka na ga kana fim: ka tsoma mutane a lokeshan, ka jira, ka ciro. Alhali ko a Ƙofar Mata, wanda ke son ado ya fito a yadinsa sai an ƙulle an ɗinke tun kafin a tsoma.

Na san ba a shawo kan Bakano da maganar fasaha, bari in yi maka da yaren da kake ji. Lokacin da aka ba Ridley Scott aikin fim ɗin Alien, wanda ya fito a 1979, dala miliyan 4.2 kamfanin 20th Century Fox ya ware. Mutumin makarantar zane ya yi a Landan, sai ya zauna ya zana fim ɗin akwati bayan akwati. Da masu kuɗin suka ga zanen suka ninka kuɗin zuwa miliyan 8.4. Sake karantawa a hankali, na san yanzu ka cire tabarau daga goshi ka sa a ido. Kai fa, in za ka je wurin Alhajin da zai zuba jari, me kake kai masa? Baki. "Alhaji, wallahi wannan fim ɗin sai ya girgiza gari." Alhaji ɗan kasuwa ne irinka, bai taɓa sayen dila bai ga samfur ba, shi ya sa yake ba ka rabin abin da ka nema ya haɗa ka da ƙanin matarsa a matsayin jarumi.

Tun da kuma Indiya ce alƙiblarku a harkar nan, akwai abin da kuka manta a can. Kun kwaso rawa a gindin bishiya, kun kwaso soyayyar ɗan talaka da 'yar mai kuɗi, kuka baro Satyajit Ray a Kalkata da littafin zanensa. Mai zanen talla ne a wani kamfani, bai taɓa yin fim ba. Fim ɗinsa na farko, Pather Panchali, ba shi da cikakken rubutaccen labari, zane-zane ne da 'yan bayanai, da su ya riƙa yawo ofis-ofis wurin masu kuɗi. Ba zan ɓoye maka ba, shi zanen bai buɗe masa aljihun kowa ba, don fim ne babu rawa babu taurari, kuma masu kuɗin can ma da alama suna da dangi a Kano. Ya fara ɗauka a 1952 da abin da ke aljihunsa, har gwala-gwalan matarsa aka jinginar. Aiki ya tsaya, ya tashi, ya sake tsayawa, sai da gwamnatin Bengal ta Yamma ta ba da rance, wanda ake ba da labarin a babin gyaran hanya aka rubuta shi, saboda akwai kalmar hanya a sunan fim ɗin. Kusan shekara uku ana wannan jeka-ka-dawo. Ni a ganina littafin nan ne ya hana fim ɗin tarwatsewa, don duk ranar da 'yan kuɗi suka samu, mutumin ya san akwatin da ya tsaya da wanda ke biye. Fim ya fito a 1955, shekara ta zagayo ya karɓi kyauta a bikin Cannes na Faransa. Don haka in ka ce allon labari na masu dala ne, ga talaka ɗan'uwanka ya ƙaryata ka. Wanda kuɗinsa bai kai a sake ɗauka ba ai shi ya fi kowa bukatar ya san abin da zai ɗauka.

Akwai ma inda ku kuka fi Amurkawa bukatarsa. Ku ne ke fim ɗin soyayya ba a taɓa hannu, ga Hukumar Tace Fina-finai ta Kano tana nan tun 2001, ga kuma aljihun da ba zai iya fasa mota ko ɗaya ba. Duk wanda aka hana shi nunawa, dole ya iya sa mai kallo ya ga abin da ba a nuna ba, wannan kuwa lissafi ne. Alfred Hitchcock ya yi Psycho a 1960, zamanin da masu tace fim na Amurka ke da zafi. Sin ɗin kisan da ya fi shahara a ciki, na cikin banɗaki, Saul Bass ne ya zana shi tun kafin a ɗauka. An kafa kyamara sau 78, an yanka sau 52, an kwashe mako guda ana aiki, a kan abin da bai wuce 'yan mintoci ba. Mutane suka fito daga silima suna rantsuwa sun ga wuƙa tana yanka, alhali gutsattsarin hotuna ne da ƙarar goge suka haɗu a ƙwaƙwalwarsu. Ban ce ka je ka yi sin a banɗaki ba, kada ka ce Bazazzagi ya sa an ƙwace maka lasisi.

Hatsarin mota nake nufi. Na ga yadda ka yi naka a fim ɗin bara: mai kyamara ya girgiza hannu kamar mai zazzaɓi, wani ya yi salati, allo ya yi baƙi, sai ga jarumi a gadon asibiti an naɗe masa kai da bandeji mai jan tumatir. Ga nawa, kyauta na ba ka. Akwati na farko, idon direba yana kan waya. Na biyu, ɗan Adaidaita Sahu ya kutso daga lungu. Na uku, ƙafa ta danne birki, ƙafar kaɗai. Na huɗu, kofin da ke gaban mota ya tashi sama. Na biyar, fasasshen gilashi, wanda za ka samu a Ƙofar Ruwa da 'yan canji, in ka taya sau uku ma a ba ka kyauta don a rabu da kai. Na shida, takalmi wari ɗaya a kan kwalta, wayar nan tana ta ƙara a gefensa ba mai ɗauka. Mota ko ƙwarzane babu, mai kallo kuwa ya dafe ƙirji. A cikin motar dawowa na zana shi, kan gwiwata, lokacin da muke jiran bakanike a Kwanar Dangora.

Yanzu za ka je ka tambayi yaranka masu intanet su nemo maka manyan daraktocin da ba sa zane. Na hutar da kai. Werner Herzog na Jamus ya tsani abin, a wurinsa kayan matsorata ne da ba su yarda da idonsu ba. Steven Spielberg ya ajiye shi a yawancin E.T. na 1982, don kada ya ɗaure ƙananan yaran da ke wasan, ya kuma ajiye shi a Schindler's List na 1993. Suna da gaskiyarsu. Akwai abin da wuri ke ba ka, akwai abin da ɗan wasa zai yi ba shiri wanda ya fi duk abin da ka zana, kuma daraktan da ya kafe a kan takarda zai wuce shi bai gani ba. Sai dai shi Spielberg ɗin, shekara guda kafin E.T. ya yi Raiders of the Lost Ark da allo cike da zane. Alaramma ne ya wanke allonsa bayan ya haddace. Kai ko babbaƙu ba ka gama ba kake neman jefar da allo.

Ban kuma ce ka zana komai ba. Na san yadda kuke fim mai dogon zango, sin goma sha a rana, rabinsu mutum biyu ne a kan kujera ana ba ni gishiri in ba ka manda. Waɗannan ka barsu a goshin naka, in dai ka kiyaye igiyar. Amma dambe, da hatsari, da taron biki mai mutum hamsin, da waƙa, da sin ɗin da zai buɗe fim, waɗannan a zana. In ka ce ba ka iya zane ba, ba hoton bango aka ce ka yi ba. Da'ira kai ce, sanda jiki ne, ɗan tsini hanci ne don a san inda ake kallo. In wannan ma ya gagara, ɗauki samarin nan uku na gaban kula, ka je da su gidan ana gobe aiki, ka tsayar da su inda 'yan wasa za su tsaya ka ɗauke su da waya, ka ga sun ci abincinsu da halal. In kuwa na ƙwarai kake so, ka san inda zane yake a Najeriya. A Zariya su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Demas Nwoko da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyarsu ta masu zane a 1958, kuma har gobe sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello yana yaye yara masu hannu. Zan turo maka ɗaya, amma kuɗi hannu, mun san halinku.

Kada ka ɗauka ban yaba ba. Tun 1990 da 'yan Tumbin Giwa suka fitar da Turmin Danya kuke tura wannan sana'a da ƙirjinku, daga kaset a Ƙofar Wambai har zuwa YouTube, kuma ubangida yana jin daɗi in aka yabi bawansa a kasuwa. Shi ya sa na yi maka ɗawainiya. Na ba wani direba saƙo a Kwangila, ka tura yaro Unguwa Uku ya karɓa: fensir biyu, abin gogewa ɗaya, da littafi mai shafi arba'in. Kuɗin mota kai za ka biya. Na sa alama a jikin fensiran, don haka in na gan su a tiren mai kanti a Zoo Road zan gane. Ranar cika-ciki ina nan tafe karɓar kuɗin sharata, kuma littafin nan zan fara buɗewa. In na tarar bashin 'yan wasa ka rubuta a ciki, a gaban yaranka za a yi ta wannan karon.